Cokalin Aljihu

Ubana, Lavern, yana da cokalin ƙarfe guda
da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa.
Na roba, in ji shi, mashaidin zur ne,
yakan ɓoye wa harshe gaskiya.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan tankar madara
a tsakanin tuddan Pennsylvania.
Da ya ajiye makulli, da muka binne uwata,
sai ya sayo littafi mai bango ruwan toka,
ya ce, "Corliss, tashi ki tuƙa ni,
kowane gari da nasa askirim,
ni kuwa kwanana ba su da yawa."

A Ohio muka samu na gidan Brandhorst,
mai nauyi, cakulan a ciki kamar tsakuwa.
Ya lasa, ya lumshe ido, ya rubuta:
Bakwai. Ya cika son a yabe shi.

A Michigan, bakin tafki, wata tsohuwa
ta cika mana kofi da mai jan 'ya'yan itace,
tsaminsa na mintsinin harshe.
Santi ya kwashe ni, har na ce mata ta yi kama da sarauniya.
Shi kuwa ya rubuta: Takwas da rabi.
Rabin na tafkin ne.

Mutanen Wisconsin suna zuba gwaiduwar ƙwai,
kuma in ka kira shi askirim sai su ɓata rai.
Can ne aka ba mu wani shuɗi shar,
mun tambayi mutum huɗu ɗanɗanon mene ne,
mun sami amsa biyar.
Na yi gaggawa, na kai loma babba,
sanyi ya soke ni har tsakar ka.
Ya yi dariya: kowa ya ɗebo da sanyi, haƙorinsa.

Na manyan kantuna ba ya ko buɗewa.
Sai ya ɗora robar a tafin hannu, ya auna,
ya mayar.
"Iska ce aka daskarar, aka liƙa mata farashi."
Murfi mai ruwan zinariya bai taɓa ruɗinsa ba,
ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na san abin da yake nema, ban faɗa ba.
Akwai wata 'yar masana'anta a garinmu, Kessring,
yanzu taya ake sayarwa a wurin.
Tana da taga ɗaya mai kallon titi,
a tagar nan uwata Ardith ta yi bazara uku
tana miƙo wa mutane farin askirim
kafin ta zama uwar kowa.
An sayar da sunan, an ce yana Indiana.

Ranar Talata, ana yayyafi,
a firjin wani gidan mai muka gan shi:
saniyar nan dai a murfi, da ƙararrawa a wuya.
Muka zauna a mota, gilashi na zufa.
Ya goge cokali da gefen riga.
Loma ɗaya. Biyu.
Na zuba wa goshin mota ido, ina jiran kuka.

"Shida," ya ce.

Na ce sun ɓata shi ke nan.
Ya girgiza kai. "Ko kaɗan ba su taɓa shi ba.
Tun can ma shida ne.
Sukari ya yi yawa, madara ta yi kaɗan,
ni da na kai musu madarar na sani.
Bazara uku ina bin layi kullum
ina shan abin da bai kai ba,
don hannun da ke miƙowa."

Ya miƙo mini cokalin, karo na farko.
Na sha. Lallai shida ne.
Muka shanye shi tas, har ya narke a gindin roba,
ya ɗaga ya kurɓe sauran.

Sannan ya lashi yatsa, ya buɗe sabon shafi,
ya ce, "Vermont da nisa daga nan?"